Gudiya da Allon Aji Biyar

Ranar da aka rataya wa Ni'ima makullin aji biyar a wuya, kakarta Gudiya ta fi ta murna nesa ba kusa ba. Yarinyar ta shigo gida sumui-sumui kamar kullum, ta ajiye jaka ta nufi randa. Gudiya ce ta hango igiyar tana reto a kan hijabinta.

"Ke, mi na wanga ga wuyanki?"

"Makullin ajinmu na, Kaka. Malam Waliyyu yas sa ni monita."

To, sai ka san Ni'ima kafin ka san nauyin wannan magana. Shekararta goma sha ɗaya, kuma idan tana magana sai ka matso da kunne. Ba ta taɓa cin tsere ba, ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba, ko a wasan gaɗa a bayan layi take tsayawa. Wannan makulli shi ne abu na farko da aka taɓa zaɓenta a kansa. Da shi take kwana, da shi take tashi, ba ta cire shi sai za ta Islamiyya, nan ma ƙusa guda ta ware masa a bayan ƙofa.

Da la'asar ta yi sanyi suka zauna tsakar gida ana tsince albasa. Kamalu, uban Ni'ima, yana ware manya da zai kai kasuwar Aliero, Gudiya tana cire masu taushi. Ita kuwa hannunta na aiki bakinta na aiki, don tun da aka ambaci monita makarantarta ta Kimba ta dawo mata fes.

"Mu lokacinmu wa ab ba ka jaka? Ɗan allon sileti na, da guntun alli ƙulle ga bakin zane. Lissahi kuwa da karan dawa muka yi nai, a ɗaure goma-goma. Sai ka kai aji huɗu kab a ba ka alƙalami, ka tsoma ga tawadad da ag ga ramin tebur. In ta ɗiga ga littahi, ranan kin sha bulala."

Kamalu ya ce ai su ma sun ga nasu. Fensir guda Baba yake raba musu uku da reza, kowa ya ɗaure nasa da zare a wuya. Abin goge rubutu kuwa guntun silifa ne, in babu a sa yawu, takarda ta huje. Biro in ya ƙi rubutu a murza shi tsakanin tafin hannu har ya yi zafi. Ya tuna yadda suke bin magina suna roƙon takardar buhun siminti don yi wa littafi riga, da yadda aljihunsa ke ƙara da marafan kwalba na ƙidaya.

"Wanga duk gata na," in ji Gudiya. "Kun taɓa baƙanta allo?"

Nan fa aka zo wurin. Duk ranar Juma'a, in an tashi, akan bar 'yan aji su shafe allon bango da gawayi da ganye don ya dawo baƙi, alli ya fito a kansa ranar Litinin. Yara da yawa gudun aikin suke yi. Gudiya kuwa nema take, domin a makarantar nan kaf babu mai haɗinta. Na wasu in ya bushe sai ya bi hannun rigar malam, nata ko ka goga tafi ba ya tashi. Shekara uku ita ke shafe allon ajinsu, har malamin aji shida yakan aiko a aro ta. Wannan labari Kamalu ya ji shi ya fi sau ɗari, amma ya bar ta ta kai ƙarshe, saboda ya san in an katse ta daga farko za ta sake ɗaukowa.

Ranar Alhamis ta sama Ni'ima ta manta da ɗumamenta don saurin zuwa buɗe aji. Gudiya ta ƙulle shi a ɗan kwano ta bi ta da shi. Rabonta da shiga harabar makarantar ƙauyen tun Kamalu na yaro. Ta tarar an fita tara, yara sun watse a fili, sai ta leƙa ta tagar aji biyar ko za ta ga jikarta.

Ba ta ga Ni'ima ba. Allo ta gani.

Fari fat. Ba toka-toka ba, irin na allon da ya yi wata biyu ba a kula shi ba. Fari kamar an shafa masa farar ƙasa, ga wasu tabo-tabo na tsohon rubutu da suka ƙi fita. Gudiya ta murza ido, don idon nata ya fara yana, ta sake dubawa. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Shekara nawa aka yi ba a shafe allon nan ba har ya koma haka? Kuma a ajin da jikarta ke monita? Gobe wani babba ya shigo ya tambayi wa ke kula da ajin nan, a nuna 'yar Kamalu.

Da ta tambayi Kamalu, da ya gaya mata cewa bara wata ƙungiya ta kawo wa manyan azuzuwa irin allon nan, da farinsa aka ƙera shi, kuma da wani alƙalami mai suna maka ake rubutu a kansa. Da ta tambayi Ni'ima, da ta ji haka nan. Amma Gudiya da tambaya a kan allo? Haba. Wa za ta tambaya, yaran da aka haifa a gabanta? Ta ba wata yarinya kwanon ta kai wa Ni'ima, ta juya gida tana tsara abin da za ta yi, har da ɗan murmushinta.

Juma'a ta wuni shiri. Ta zaɓi gawayin ƙirya ta daka shi ya yi laushi, ta tankaɗe da tsohon ɗankwali. Ta aika gonar maƙwabta aka yago mata ganyen dankali. Ta fasa tsofaffin batiran tocila biyu ta kwashe baƙin garin da ke ciki. Matar Kamalu ta tambaye ta a gabansa ko magani take haɗawa, ta ce eh, na wani ciwo ne da ya daɗe.

Asabar da hantsi Kamalu ya tafi Aliero da buhunansa, Ni'ima ta rataye makulli a ƙusa ta tafi Islamiyya. Gudiya ta zare shi, ta ɗauki ƙwaryarta ta rufe da faifai, ta bi ta bayan gari.

Allon ya ba ta mamaki. Santsi gare shi kamar farantin tangaran. Ta shafa haɗin, ya gangaro. Ta sake shafawa, ya sake gangarowa ya ɗiga a ƙasa. Wata da ta ga haka sai ta tsaya ta yi tunani. Gudiya kuwa cewa ta yi, "Allon ga ya daɗe da yunwa, har ya mance da abinci." Ta kwance bakin zanenta ta fito da abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba tun tana aji uku, wato ƙaro. Ta jiƙa shi ya narke, ta zuba a haɗin, ta juya har ya yi danƙo. Wannan karon ya kama.

Sau uku ta bi shi, tana jira kowane shafi ya sha iska kafin ta ƙara. Inda hannunta bai kai ba ta hau benci, ita da ke cewa gwiwa ta hana ta tsallaka kwata. Da ta gama ta koma bencin baya ta zauna tana kallo. Baƙi wuluk, ko'ina daidai, babu zane babu tabo. Ƙamshin ɗanyen ganye da gawayi ya cika ajin, kuma wallahi sai da ta ji kamar a ce an buga ƙararrawa 'yan ajinsu su shigo. Ta yi kewarsu ƙwarai a wannan zama, har waɗanda ba ta shiri da su. Ta share ɗigon da ya zuba, ta kulle aji, makulli ya koma ƙusarsa kafin a taso Islamiyya.

Ranar Litinin tun azahar ta sa sabon zane ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta. Ta riga ta shirya abin da za ta ce in an zo godiya: a'a, ba komai, ai ɗan abin da aka iya ne.

Ni'ima ta shigo babu igiya a wuya. Idanunta sun kumbura, gwiwoyin wandonta duk ƙasa. Ba ta je randa ba, ta wuce ɗaki ta kwanta. Aka kira ta cin abinci ta ce ta ƙoshi. Sai da Kamalu ya dawo daga gona ya zaunar da ita a gabansa, da lallashi da komai, sannan maganar ta fito guntu-guntu.

Wani ne ya shiga ajinsu ya shafe farin allo da baƙin abu. Malam Waliyyu ya zo zai yi darasi, maka baƙa ce, allo baƙi, babu abin da ya fito. Ya sa dasta ya goga, ko gezau. A makarantar kuma an daina ajiye alli a manyan azuzuwa. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa taga ba, makulli kuwa guda ne, yana wurin monita. Hedimasta ya tambaye ta wa ta ba makullin, ba ta ambaci kowa ba. Aka sa ta durƙuso har aka fita tara, aka karɓe makullin. An ce gobe a wurin taron safe, in ba ta faɗi wanda ya yi ba, za a naɗa wata a gaban kowa.

Ba zan ɓoye muku ba, da aka zo wurin dasta ta kasa, sai da wani ɗan daɗi ya ratsa Gudiya. Bai daɗe ba.

"To wa kika zato?" in ji Kamalu.

"Ban sani ba, Baba."

Ta faɗi haka, amma idonta ya sauka a kan hannun kakarta. Kwana biyu Gudiya na wanke hannun nan da toka da sabulu, baƙin bai bar gefen farcenta ba. Ta ja hannun ta tura ƙarƙashin zane. Kamalu ya dubi 'yarsa, ya dubi uwarsa, ya dubi inda hannun ya ɓuya.

"Inna," ya ce a hankali. "Maganin ciwon da yad daɗe?"

Dariya ta taso masa, ya danne, ta fi ƙarfinsa, ya fita zaure yana tari. Da ya dawo ya yi mata bayanin allon da maka. Gudiya ta saurara har ƙarshe ba ta katse shi ba, abin da ba a taɓa gani ba a gidan. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ba kuskuren ne ya fi cin ta ba. Gwiwoyin wandon nan ne.

Bayan Kamalu ya tafi masallaci ta matsa kusa da yarinyar.

"Tun yaushe kinka sani?"

"Tun da nis shiga aji nij ji warin ganyen dankali."

"To mi ya hana ki hwaɗi? Da kin ce kakata ta, da ba ki yi durƙuso ba."

Ni'ima ta daɗe tana wasa da bakin hijabinta. "Dariya za su yi maki, Kaka."

Gudiya ta tashi ta shiga ɗaki, wai za ta nemo carbinta, alhali yana hannunta.

Washegari Kamalu ya ce shi zai je ya yi wa hedimasta bayani a ofis, a kashe maganar a rufe. Gudiya ta ce a gaban kowa aka ce za a tsige yarinya, a gaban kowa za a wanke ta. Ta ɗora ruwa ya yi ɗumi, ta juye a bokiti, ta ɗauki tsumma biyu. Ta hana kowa ɗaukar mata.

Ta iso an jeru layi-layi, hedimasta Malam Sambo yana tsaye a kan baranda, Ni'ima a gefensa kanta a ƙasa. Dattijo ne mai furfura, saura kaɗan ya ajiye aiki. Gudiya ta ratsa tsakiyar layi da bokitinta, ta dire shi a gabansa, suka gaisa kamar yadda ya kamata, ta tambayi iyali, ya tambayi gwiwa. Sannan ta ɗaga hannayenta biyu ta juya su ga yara.

"Ku duba da kyau. Ni ta nish shafe allonku. Ni nis sace makulli ga ƙusa yarinya na Islamiyya. Na ga allo hwari, nic ce lalacewa yay yi, nig gyara. Ɗiyag ga ba ta ba kowa makulli ba, kuma ta san ni ta tun jiya, tar rufa mani asiri."

Sai wani daga layin aji shida ya fashe da dariya, shi ke nan fili ya ɗauka. Yara har da riƙe ciki, malamai suna juya baya suna gyara hula. Abin da Ni'ima ta ji tsoro ga shi ya faru, kuma ya yi wa Gudiya zafi fiye da yadda ta zata. Amma ta tsaya ƙyam har suka gaji. Ni'ima ta sauko daga baranda ta zo ta tsaya a jikinta, ta riƙe gefen zanenta.

"Ku gama," in ji Gudiya. "Cikinku wa ya iya raba fensir uku da reza bai yanke ba?"

Malam Sambo ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce aji biyar su bi shi, sauran kowa ya tafi ajinsa. A gaban allon ya tsaya, ya goga babban yatsansa ya duba, babu komai. Ya matsa ya shinshina.

"Hajiya, ƙaro kinka sa?"

Gudiya ta ji kamar an buɗe mata tukunya a kasuwa. "Wa yag gaya ma Malam?"

"Shekara huɗu ina shafe allo ga Maiyama, kullum nawa bin rigam malam shikai. Sai yau nig gane abin da ar rage." Ya girgiza kai. "Aiki ya yi kyau, Hajiya. Sai dai ba aikin wanga allo na ba."

Malam Waliyyu, saurayi ne da bai daɗe da fara koyarwa ba, ya matso yana sosa ƙeya. Ya ce, "Inna, a yi haƙuri, da mun sani ba mu sa ta durƙuso ba. Amma dai zai hita? Mun zaci fenti na."

"Ƙaro ba ya jayayya da ruwan ɗumi, ɗana."

Yara suka yi caa za su taya ta, ta ce kowa ya zauna, wanda ya shafa shi ke wankewa. Ta matse tsumma ta ɗora a tsakiyar allon. Nan hannunta ya ɗan tsaya. Rabonta da yin aikin da ya yi kyau haka ta manta, kuma ta san ba za ta sake yin wani ba, don babu sauran allon da ke jiranta. Ta ja tsumman. Fari ya bayyana, baƙin ruwa ya gangaro mata har gwiwar hannu. Aikin da ya ci mata hantsi guda bai kai minti goma ba ya koma cikin bokiti, har tsofaffin tabon nan suka bi shi.

Malam Sambo ya ciro makullin daga aljihu. Bai miƙa wa Ni'ima a hannu ba, da kansa ya rataya mata a wuya. Ya ce wa 'yan aji, wanda ya iya riƙe bakinsa haka zai iya riƙe makulli, sai dai daga yau a canza masa ƙusa. Shi da Malam Waliyyu suka fita ɗauko maka a ofis.

Gudiya ta ja bokitinta waje ta zubar a gindin dalbejiya. Gwiwar da ta yi mata kawaici tun Asabar ta ce ga ni. Ta lallaba ta zauna a bakin baranda, ƙarƙashin tagar aji biyar, ta ce bari ta huta kaɗan kafin ta kama hanya. Tana jin hayaniyarsu a ciki, ana ta maimaita maganarta ta fensir ana dariya.

Malam Waliyyu ya dawo ya wuce ta ya shiga. Sai ta ji an buga benci sau uku, da ƙarfi. Wata murya ta tashi, tsaf, har ta fito ta taga ta ratsa fili.

"Kilas, istan!"

Muryar Ni'ima ce. Gudiya ba ta taɓa jin ta kai haka ba.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ba ta dafa bango ba, ba ta dafa gwiwa ba. Ta dai tsinci kanta a tsaye, ƙafa a haɗe, hannaye a gefe, bakinta yana bin na yara arba'in ana jan gaisuwar malam da Turanci, daidai yadda ake jan ta a Kimba shekara hamsin da suka wuce. Aka ce su zauna, ta ji ƙarar benci, ita kaɗai ta rage a tsaye a baranda.

Idonta ya cika. Ta sa bayan hannu ta share, ta manta abin da ke hannun. Haka ta ratsa tsakiyar gari da bokitinta, baƙi shafe a fuska, tana gaisawa da mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tambaye ta daga ina sai ta ce daga makaranta, jikarta ce monita.